Kwalba, gilashi, naɗin leda ko sarƙar ƙanana: wace kafasita ce ta dace da aikinka?

Wanda ya ɗauri aniyar haɗa kwayil ɗin Tesla (naɗin waya mai ɗaga bolt har ya fitar da dogon tartsatsi) ko injin tara wutar gogayya a Kaduna yakan samu kusan komai a Panteka: wayar jan ƙarfe, bututun roba, filaibak (ƙaramar taransifomar babbar wuta) na tsohuwar talabijin mai ƙeya, wani lokaci har taransifomar fitilar talla. Inda ake cijewa shi ne kafasita. Ta fanka da ake samu a kowane shagon kayan wuta bolt 450 aka yi ta ta ɗauka, kai kuwa bolt dubu 10 zuwa dubu 20 kake magana. Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wannan ya ce kwalbar lemo da ruwan gishiri, wancan ya ce gilashin taga, wani ya rantse da naɗin leda a cikin mai, wani ya ce ka daina wahala ka sayo ƙanana ka jera. Dukansu suna aiki, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Abin da za ka auna kafin ka zaɓa

Kafasita faranti biyu ne masu ɗaukar wuta, da wani shamaki a tsakaninsu wanda wuta ba ta ratsa shi. Faɗin faranti yana ƙara yawan abin da za ta tara, kaurin shamaki yana rage shi, amma kaurin ne kuma yake hana wuta huda shi. Duk rigimar a nan take. Kowane shamaki yana da lambar da ke nuna ninkin da yake yi wa iska: gilashin taga da na kwalba kusan 7, robar PET ta gorar ruwa 3 da ɗoriya, leda mai tsabta da man ma'adinai (irin na taransifoma) kusan 2.2. Iska kuwa tana fashewa da tartsatsi a wajen bolt 3,000 a kowace milimita, shi ya sa wuta ba ta cika huda shamaki kai tsaye ba, sai ta zagaya ta gefe ko ta fara cin wani ɗan kumfan iska da ka bari a ciki.

Tambaya ta farko, kuma mafi nauyi: wace irin wuta za ta shiga? Idan wutar gogayya ce ko ta filaibak wadda ake tarawa a sake ta sau ɗaya, kusan kowane shamaki zai yi. Idan kwayil ɗin Tesla ne mai ratar tartsatsi (tazarar da wuta ke tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu), kafasitar tana cika tana juyewa sau 100 ko fiye a daƙiƙa guda, kuma kowace juyewa kai-komo ne na sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. A nan ne gilashi da PET da PVC suke mayar da wani kaso na wutarka zafi, leda da folifurofilin (wani nau'in roba) kuwa da ƙyar suke ɗumi.

Ta biyu, nanofarad (ma'aunin yawan abin da kafasita ke iya tarawa) nawa kake bukata? Ga misalin da zan riƙa komawa gare shi: taransifomar fitilar talla mai bolt 10,000 da miliamfiya 30. A wutarmu ta Nijeriya mai zagaye 50 a daƙiƙa, kafasitar da ke daidai da ita nanofarad 9.5 ce. Lissafin da za ka gani daga Amurka zai ce maka 8, domin su 60 suke amfani da shi, don haka kada ka kwafa ido rufe. Ba a kuma so a zauna daidai kan wannan lamba, domin wutar na iya hauhawa ta ƙona taransifomar. Akan ɗara ta da kusan rabi, wato 14 zuwa 15. Sannan bolt 10,000 ɗin da aka rubuta a jiki matsakaici ne, ƙololuwarsa 14,100 ce, kuma ita shamaki yake gani.

Sai kuɗi, da ƙarko, da sauƙin haɗawa, da haɗari. Zan ƙara ɗaya da bai dami mutumin Turai kamar yadda ya dame mu ba: yanayi. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar Kaduna jiƙe take, kuma gilashi yana jan danshi a fatarsa, wuta ta riƙa zurarewa ta nan. Da hunturu abin yakan yi daɗi, sai dai ƙura ta kwanta a jikin kaya, da safe ta sha raɓa ta zama hanya.

Kwalba da ruwan gishiri

Wannan ce kakar kafasitoci. A 1745 wani Bajamushe, Ewald von Kleist, ya gano ta, a 1746 kuma Pieter van Musschenbroek na garin Leiden a Holan ya sake gano ta, ya sha girgizar da ta sa ya rubuta wa abokinsa cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai ƙara ba. Tun daga nan tsarin bai canja sosai ba. Ka wanke kwalbar lemo, ka cika ta da ruwan gishiri har kafaɗa, ka naɗe bayanta da takardar alminiyum daidai inda ruwan ya tsaya, ka zuba man ma'adinai kamar santimita ɗaya ko biyu a saman ruwan, ka zura waya mai kauri ta murfi. Gishirin a narkar da shi har ya ƙi narkewa, wato kamar giram 360 a lita guda. Wasu ba sa naɗin alminiyum, sai su jera kwalaben cikin bokitin roba mai ruwan gishiri, ruwan bokitin ya zama farantin waje. Wannan ya fi kyau, domin ruwa ba ya barin kumfan iska kamar yadda takarda mai tattarewa take bari.

Kuɗinta kusan babu. Kwalabe, gishiri, takardar naɗe abinci. Yini ɗaya ya isa. Kwalba mai santilita 35 tana ba da rabin nanofarad zuwa ɗaya, don haka misalinmu na sama zai ci kusan kiret guda. Kiret cike da ruwan gishiri ba abin da za ka goya a acaɓa ka kai makaranta ba ne, kuma in ya tuntsure ka samu ruwa mai ɗaukar wuta malale a ƙasan da kake tsaye.

Ƙarkonta ya fi yadda ake zato. Kwalba ɗaya in ta tsage, ka cire ka sa wata. Abin da ke cinta a hankali shi ne tsatsar waya a cikin gishiri da zafin gilashi: bayan minti ɗaya ko biyu na aiki a kwayil ɗin Tesla sai a kashe ta huta. Tartsatsin da za ka samu kuma ba zai kai na leda ko folifurofilin masu yawan nanofarad ɗaya da ita ba. Akwai wata ɗabi'a ta gilashi da ta taɓa ba ni mamaki: na sauke wutar kwalba, na je na yi sallar la'asar na dawo, ina taɓa wayar ta cije ni. Gilashi yakan riƙe saura a jikinsa ya maido da shi bayan wani lokaci. Tun ranar, kwalabena ba sa kwana sai da waya ɗaure tsakanin ciki da waje.

Gorar ruwa ta roba ƙanwar wannan ce. A wutar gogayya tana aiki sosai, ba ta da nauyi, ba ta jan danshi kamar gilashi. A kwayil ɗin Tesla kuwa takan yi zafi ta huje nan da nan.

Farantan gilashi

Ana shimfiɗa gilashi, a ɗora alminiyum, a ɗora wani gilashin, haka har a tara, a haɗa farantai na ɗaya da na uku da na biyar gefe guda, sauran ɗaya gefen. Alminiyum mai santimita 20 sau 20 a kan gilashi mai kaurin milimita 3 yana ba da nanofarad 0.8. Dole a bar ratar santimita 5 ta kowane gefe, ke nan gilashin 30 sau 30 ne, kowane ɗaya giram 675. Goma sha biyu sun ba ka nanofarad 10 da kilo 8.

Masu yankan gilashi sukan sayar da guntaye da araha. Amma a kula: madubi ba ya yi, haka gilashin nan mai sheƙi da ake yayi a tagogin sababbin gidaje, domin wani siririn ƙarfe aka shafa masa. Fari tas ake nema.

Gaskiya ban ga abin da wannan hanya ta fi kwalba da shi ba, ban da cewa babu ruwan da zai zube. Asarar zafi iri ɗaya ce. Bakin alminiyum mai kaifi yana fitar da wani shuɗin haske mai tsuwa da ake kira korona (ba ciwon nan ba), ya zafafa layi ɗaya a jikin gilashi har ya tsage, kuma in ɗaya ya tsage a tsakiya sai ka warware duka. In an nutsar da tarin a mai abin yakan yi sauƙi, amma ka koma ga nauyi da ɗiga. Inda take da amfani shi ne aji: malami ya nuna wa yara da mita yadda ƙara faranti ko kauri yake canja lamba.

Naɗin leda a cikin mai

A nan ne mutane da yawa suke yi wa rogo kallon kitse. A takarda babu kamarta: leda ba ta asarar wuta, ga ta ko'ina, alminiyum ma ga shi. Ana shimfiɗa leda, alminiyum, leda, alminiyum, a naɗe kamar tabarma, a ɗaure, a cusa cikin bututun PVC, a cika da mai. Ga taransifomar bolt dubu 10 ana so jimlar kaurin ledar ya kai milimita 2, kuma gara a tara sirara da yawa da a sa mai kauri guda, domin da wuya raunin wannan ya faɗa daidai kan raunin waccan. Alminiyum mai faɗin santimita 20 da tsawon mita 1 yana ba da nanofarad 2 a shimfiɗe, in an naɗe ya zama 4 saboda fuska biyu suke aiki. Nanofarad 14 ke nan mita 3 da rabi.

Matsalar farko ita ce ledar kanta. Wadda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin daɓen gini yawanci daga tsofaffin robobi aka sake narka ta, cike da ƙwayoyin datti. Baƙa kuwa kabon aka zuba mata, shi kuma ɗan gidan masu ɗaukar wuta ne. Sabuwa fara mai kauri ake bukata, a ɗaga ta a rana a duba ta taki-taki. Sannan a naɗe ta a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Wanda ya san Kaduna a watan Janairu ya san wannan sharaɗi ba wasa ba ne. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa.

Ta biyu mai. Na taransifoma sabo shi ne na ainihi, sai farin man farafin na kantin magani ko man shafa na jarirai, waɗanda asalinsu man ma'adinai ne. Man inji yana da sinadaran ƙari, man gyaɗa yana tsami ya ja ruwa. Wanda wani ya kawo maka a galan ba ka san asalinsa ba, ka bar masa abinsa: ko dai an zuƙe shi daga taransifomar wata unguwa an bar mutane a duhu, ko kuma na tsofaffin injuna ne mai gubar PCB wadda ke shiga ta fata.

Ta uku, wadda ta fi kashe irin wannan kafasita, iskar da ta maƙale a cikin naɗi. Ana zuƙe ta da famfo, kwamfaresar tsohon firij ma tana yi, a bar naɗin ya jiƙu kwanaki, a fara ba shi wuta kaɗan-kaɗan. Wanda ya tsallake wannan mataki, korona za ta fara a cikin kumfan, ta ci ledar, wata rana ya ji "fus", aikin mako biyu ya tafi. Ba a faci, sai sabon naɗi. Kada kuma a toshe bututun ruf, domin in tartsatsi ya tashi a cikin mai yana haifar da iskar gas, rufaffen PVC kuwa tarwatsewa yake yi. Masu gogewa sukan yi naɗi biyu ko uku su haɗa su jela da kai don kowane ya ɗauki wani kaso na wutar, wanda hakan ke ninka ledar da za a saya.

In ka haɗa kuɗin leda mai kyau, alminiyum mai ɗan kauri, bututu da murafunsa da litocin mai, za ka ga ka kusa kuɗin zaɓi na huɗu, wato sarƙar ƙanana, ga shi ba ka da tabbas. In ta yi kyau fa tana yin kyau sosai, wannan ba na musu.

Sarƙar ƙananan kafasitoci

Masu wannan sha'awa suna kiranta MMC. Ba ka ƙera komai daga tushe, kana sayen ƙananan kafasitocin folifurofilin na masana'anta ne, ka haɗa su jela da kai don su raba bolt, in ana bukatar ƙari ka jera sarƙoƙin kafaɗa da kafaɗa. Waɗanda suka yi suna su ne 942C na Cornell Dubilier da FKP1 na WIMA. Ɗauki mai mikrofarad 0.15 (wato nanofarad 150) da bolt 2,000: guda 10 a sarƙa ɗaya sun ba ka nanofarad 15 da bolt 20,000, daidai bukatar misalinmu, a kan allon roba da bai wuce tsawon hannu ba. Awa biyu da dalma ka gama.

Kowace ɗaya ana gicciya mata resista (ƙaramin abin da ke rage gudun wuta) mai megohm 10 don ta sauke wuta da kanta cikin daƙiƙa 8 ko makamancin haka bayan an kashe. Ƙaramar resistar da ake sa wa rediyo bolt 250 zuwa 350 kawai aka yi ta ta jure, don haka a nemi ta babbar wuta ko a haɗa da yawa jela da kai. Allon kuma ya zama roba, ba katako ba, katako da damina ɗan uwan waya ne.

Ƙarkonta ya fi na kowa, danshi da ƙura ba su dame ta sosai ba, in ɗaya ta mutu ita kaɗai za a canja. Tsadarta ita ce da dala ake lissafi, sau da yawa sai an yi oda an jira. Ga kuma haɗarin sayen da ba shi ba. Ta fanka, ta famfon ruwa, ta firij, da 'yan jajayen nan na foliyesta, duk ba a yi su don bugun wuta mai ƙarfi ba, ƙafafunsu ne suke ƙonewa daga ciki. Ta injin ɗumama abinci na maikurowef ma ba ta dace ba, ga ta da mikrofarad 1 a kusan bolt 3,000, wato jul (ma'aunin ƙarfin da aka tara) 4 da ɗoriya a gwangwani ɗaya.

Akwai hanyar 'yan gwangwan. A allon tsohuwar talabijin mai ƙeya, kusa da filaibak, akwai kafasitar folifurofilin mai kimanin nanofarad 10 da bolt 1,600, kuma irin wadda ake so ce. Sai dai lissafi ba ya tausayi: 12 a sarƙa suna ba da bolt 19,200 amma nanofarad 0.83 kacal. Nanofarad 10 zai ci 144. Ga ƙaramin kwayil mai cin filaibak da ke bukatar 2 zuwa 3, sarƙa uku sun isa, wato talabijin talatin da wani abu. A auna kowace da mita, a haɗa masu lamba ɗaya a sarƙa ɗaya, domin mafi ƙanƙanta a sarƙa ita ke ɗaukar wuta mafi yawa.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kwalbar gishiri | Kusan kyauta | Matsakaici, ana canja kwalba | Yini ɗaya | Zubewar ruwa, fashewa, ragowar wuta |
| Farantan gilashi | Kaɗan | Rauni, yana tsagewa | Kwana ɗaya ko biyu | Tartsatsi ta gefe, yanka |
| Naɗin leda | Matsakaici zuwa sama | Ya danganta da hannu | Mako ɗaya zuwa biyu | Hujewa, gobarar mai, fashewar bututu |
| Sarƙar ƙanana | Mafi tsada | Mafi kyau | Awanni | Sayen nau'in da bai dace ba |

Haɗarin da teburi bai nuna ba

Ƙarfin da kafasita ta tara shi ne rabin yawanta sau bolt sau bolt. Ninka bolt biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Nanofarad 15 a bolt 14,000 jul 1.5 ne, ya isa ya jefar da mutum ya bugu da wani abu. Daga jul 10 an shiga haɗari na gaske, 50 na iya kisa. Amma a kwayil ɗin Tesla kafasitar tana manne da taransifoma, kuma miliamfiya 30 da ya bi ta ƙirji ya isa ya hana mutum sakin waya. Taransifomar maikurowef, wadda ta fi kowace sauƙin samu a gwangwan, tana ba da bolt 2,000 da rabin amfiya (miliamfiya 500) ko fiye, ba ta ba da dama ta biyu. Mai koyo ya bar ta inda ya gan ta.

Kowace ka zaɓa, sai ka yi sandar sauke wuta: bututun PVC mai tsawon mita ɗaya, ƙarfe a kai, waya zuwa ƙasa. A zare fulogi, ba kashe makunni kawai ba, musamman a garin da wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama. Hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba, busasshen daɓe, wani babba a kusa wanda ya san inda fulogin yake, yara a waje. A buɗe taga saboda iskar ozon da tartsatsi ke haifarwa, a nesanta waya da kwamfuta da inbata da galan ɗin fetur na janareta. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ya matso.

Wa ya dace da wacce

Malamin sakandare ko yaron da ke son ganin tartsatsin wutar gogayya: gorar roba ko kwalba ɗaya tal, ƙarama, a yi gwajin tsakanin Disamba da Fabrairu. Da damina a goge kwalbar a shanya ta a rana kafin a fara.

Wanda ke haɗa kwayil ɗinsa na farko kuma aljihu ba nauyi: kwalaben gishiri a bokiti. Suna ba ka damar ƙara ɗaya ko cire ɗaya har ka gano nanofarad ɗin da kwayil ɗinka ke so, kafin ka kashe ko kwabo a kan oda.

Ɗalibin foliteknik ko jami'a da zai ɗauki aikinsa ya kai gaban malamai, ya kunna sau da yawa a yini: sarƙar ƙanana. In kuɗin ya yi yawa ku haɗa hannu ku biyu ko uku, ko ka rage girman kwayil ɗin ya koma na filaibak ka bi rumfunan masu gyaran talabijin da mita a aljihu.

Naɗin leda na wanda ya riga ya ƙona wasu abubuwa ne, yana da famfon zuƙe iska da ɗaki mai rufi, kuma ƙera kafasitar ce sha'awarsa, ba tartsatsin ba. Farantan gilashi kuwa ka yi uku ko huɗu, ka auna da mita, ka gwada da lissafin 0.8 ɗin nan na sama, sannan ka mayar wa mai taga gilashinsa.